Kofin da Aka Zuba wa Anti Rabi

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta watan Sha'aban ba, kuma ba na jin zan manta da ita sai dai in ƙasa ta rufe idona. Ku da kuka zo baya kuna yi mini dariya idan kun ga na ɗaga kofi na kurɓa a gaban kowa kafin in miƙa filas, har kuna cewa Anti Kulu rowa take yi, gara ta fara cika cikinta. To yau ku ji dalili.

A lokacin ina mataki na takwas a sashen rajista na ma'aikatarmu, can wajen Ƙofar Kaura. Ga wanda bai san aikin ba, rajista ita ce ɗakin da fayil ɗin kowane ma'aikaci yake kwana, daga takardar ɗaukarsa aiki har ta ritayarsa. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, mu ne muke tono fayil ɗari-ɗari, mu duba, mu jera, mu kai sama. Takarda ɗaya ta ɓata, mutum ya rasa matakinsa, kuma a kanki zai sauke. Mu huɗu ne, duk mata. Akwai shugabarmu Hajiya Binta, mace mai kaifi wadda ko masinja ba ya tari a gabanta. Sai ni, sai Malama Talatu, sai Murja mai buga takardu a kwamfuta, wadda ba ta cika wata biyar da fara aiki ba.

Akwai ta biyar a da, Anti Rabi. Shekara guda kafin wannan rana ta kifa kanta a kan tebur bayan azahar, muka ɗauka gyangyaɗi take, ashe rai ya yi halinsa. Hawan jini ne, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa tana da shi ba. Kujerarta ba wanda ya iya zama a kai, sai muka mayar da ita wurin jibge fayil.

Ita ta koya mana shayin ƙarfe sha ɗaya. Ta ce mace ta tashi tun asuba ta yi girki, ta shirya yara, ta yi kokawa da mai Napep, sannan ta zo ofis ta ɗura lemon kwalba da biskit, ai kashe kai ne a hankali. Haɗin nata ba wuya. Da yamma ki jiƙa dabino bakwai ki cire ƙwallon. Da safe ki tafasa citta da kanumfari da ɗan girfa, ki sauke, ki jefa ganyen na'a-na'a, ki murje dabinon ki tace a ciki. Minti goma kin gama, ba sukari ko ƙwaya ɗaya. Ranar zafi kuma zoɓo ne da dabino, ko tsamiya da zuma. Ba na ce magani ba ne, amma idan muka rufe ƙofa muka zauna minti goma sha biyar da kofi a hannu, kafaɗun mutum sukan sauko. Ƙa'idarta ɗaya ce: wadda ta dafa ita za ta fara kurɓa a gaban kowa. Bayan rasuwarta ni na gaji filas ɗin.

Ranar nan ina ramuwar azumi, domin Ramadan ya matso kuma saura kwana biyu a kaina. Na dafa shayin kamar kullum, na ajiye filas a ofishin Hajiya tun ƙarfe takwas, inda muke ajiye shi. Sati uku ke nan muna aikin ƙarin girma, kowa idonta ya faɗa. Da sha ɗaya ta yi na ɗauko na zuba kofi uku. Talatu ta ce, "Yau ba ki taɓawa?" Na ce azumi nake. Ta ce, "To Allah shi karɓa, mu kau mu sha da rabonki." Na kwashi fayil na hau sama wurin Darakta, aka tsayar da ni ana tantance sunaye har kusan ƙarfe ɗaya.

Tun daga kan bene na ji wani abu bai yi mini ba. Ofishinmu ba ya shiru. Ko Hajiya na faɗa, ko Talatu na waya da 'yarta, ko Murja na ƙwanƙwasa kwamfuta. Ranar an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kuma ba na jin komai sai takun takalmina. Na yi sallama a bakin ƙofa ba a amsa ba. Na tura.

Talatu na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, tana tsintar wani abu a iska da yatsu biyu tana zubawa a cinyarta, a natse, kamar mai tsince shinkafa. Hajiya Binta, wadda ban taɓa ganin gashinta ba, ɗankwalinta na ƙasa, tana tsaye ta jingina da kabad tana motsa baki ba sauti. Fuskokinsu sun bushe ƙamas, ba ɗigon gumi duk da zafin nan. Idanunsu ne suka fi tsorata ni, baƙin ya buɗe ya cinye kusan duka. Kuma dukansu wuri ɗaya suke kallo.

Na bi kallon nasu. An sauke fayil ɗin da ke kan kujerar Anti Rabi, an jera su a ƙasa daidai wa daida. An jawo kujerar baya kaɗan, yadda ake yi idan mutum zai zauna. A kan teburin ga shuɗin kofinta, wanda na san yana can ƙuryar kabad tun bara, an cika shi da shayi.

Murja na durƙushe a gefen kujerar. Ta juyo ta dube ni, muryarta a shaƙe ta ce, "Anti Kulu, ba ki gaida ta ba."

Na ce, "Wa?"

"Baƙuwar mana. Tun ɗazu take jiran ki. Ta ce zaren gilashinta ya kwance, ko kina da wani."

Anti Rabi ta yi shekara uku da gilashin ido da ƙafarsa ɗaya ta karye, ta ɗaure da baƙin zare, kuma duk sanda ya kwance ni take tambaya, saboda ina ajiye allura da zare a jakata. Murja ba ta taɓa ganin Anti Rabi ba. Wata bakwai da binne ta aka ɗauki Murja aiki.

Na karanta duk abin da ya zo bakina, na fita da gudu ina ihu. Aka kawo motar ma'aikata muka kwashe su sai asibiti. Likitan ya haska idon Talatu, ya taɓa fatarta, ya tambayi abin da suka sha. Na miƙa masa filas. Ya zuba sauran a farin faranti, ya nuna mini wani gari-gari da ya kwanta a ƙasa, ya ce, "Wannan alamun zaƙami ne. Wa ya dafa?" Na ce ni. Ya ce, "Ke kin sha?" Na ce a'a. Nan take na ga yadda direban da ya kawo mu ya matsa daga kusa da ni.

Ranar Litinin na tarar da takardar tuhuma a kan teburina. Ita ce takardar da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce cikin kwana biyu, daga nan a kafa kwamitin ladabtarwa, wanda zai iya dakatar da mutum ko ya kore shi. Shekara goma sha tara ina aiki ba a taɓa ba ni irinta ba. Takardar ma da sauƙi a kan bakin mutane. Aka ce kujerar Hajiya nake so. Aka ce azumin ƙarya ne, ai ni na san abin da na zuba. Matar da muke sallah sahu ɗaya na miƙa mata ruwan alwala ta ce ta gode, tana da nata. Har unguwarmu a Ƙofar Marusa maganar ta kai, maƙwabciyata ta daina aiko wa a karɓi yaji. Na yi kuka, na yi fushi, kuma ni ba mai haɗiye fushi ba ce, amma wa zan yi wa? Ni na dafa, ni ce ban sha ba.

Talatu da Murja sun warware bayan kwana biyu. Hajiya ta yi sati, saboda jininta ya hau sosai. Na je duba ta sau biyu, duk ta juya fuska bango. Na ɗauka ita ma zargina take, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar kwamiti mutum uku ne a teburi, Darakta a tsakiya. An karanta amsata, an fara tambayata inda nake sayen citta, sai aka turo ƙofa. Hajiya Binta ce, ta rame, tana dafa bango. Darakta ya ce, "Hajiya, ai da kin huta, mun ɗauke maki zuwa." Ta ce, "Ranka shi daɗe, hutun ne ya gagara." Ta buɗe jaka ta ajiye wani ƙullin farar leda a gabansa.

Ta ce, "Ni na zuba. Kulu ba ta san komi ba."

Ta ce ta yi wata biyu ba ta barcin kirki, ga aiki, ga mahaifiyarta kwance a gida. Wata mai yawo ofis-ofis da jaka ta sayar mata da garin nan, ba suna ba takarda, ta ce na kwantar da hankali ne, ganye ne zalla, a zuba a ruwan zafi a rufe. Ta ga filas a gabanta, ta ga dukanmu mun jigata, ta ce bari kowa ya amfana. Zaƙin dabino ya rufe ɗacin. Ba ta faɗa mana ba domin ita ce kullum mai yi mana faɗa a kan irin waɗannan masu jaka, kuma ba ta so mu san ta gaza.

Darakta ya ce, "To mi ya hana ki magana tun tuni?"

Ta ce, "Kunya." Sannan ta juyo gare ni. "Kulu, duk abin da ya faru ran nan ya ɓace mani, sai abu guda. Rabi ta dube ni ta ce, Binta, ni ma haka na yi shiru. Kullum na rufe ido sai na ji ta. Ki yahe mani."

Na so in yi mata tas, don na tanadi maganganu na sati biyu. Da na ga yadda ta dafe teburin nan don kada ta faɗi sai suka ƙi fitowa. Na tashi na kama ta na zaunar a kujerata.

An janye takardata. Hajiya ta sami gargaɗi a rubuce, ta ɗauki hutun da ta yi shekara huɗu tana ɗagawa. Likita ya ce zaƙami yana sa mutum ganin abin da babu, kuma na yarda. Wataƙila Talatu ce ta sauke fayil ɗin, wataƙila Murja ta taɓa jin muna hirar gilashin, ko da yake na tambayi kowa ba wadda ta tuna ta faɗa. Ban matsa ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, matan ofis sun iya ɓoye gajiya fiye da yadda suka iya ajiye fayil, kuma wadda ta fi tsare gida ita ce ta fi kusa da faɗuwa. Shi ya sa ba abin da ke shiga filas ɗin nan sai wanda zan iya kiran sunansa in nuna shi a tafin hannu. Ranar da nake azumi wata ce take dafawa ta ɗanɗana. Kuma shi ya sa idan na miƙa miki kofi na ce ya jikin, kika ce lafiya lau, nake tsayawa a kanki in sake tambaya. Anti Rabi kullum lafiya lau take ce mini, har safiyar ranar da ta kifa kanta, ni kuma na karɓi kofina na wuce.