Furannin da Na Zana wa Mma

Ni na zana su, da hannuna. Gara in faɗa tun farko, don har yau akwai tsofaffi a layinmu na unguwar Nima da za su rantse maka jifa aka yi wa Mma.

Mma, mahaifiyata, shinkafa da wake take sayarwa a bakin titi, abin da mutanen garin nan ke kira waakye. Hannunta ne jarinta. Da shi take tsakuro taliya, ta barbaɗa garin rogo, ta ɗiga miyar yaji ta shito, ta naɗe ganye, duk tana zagin direbobin motocin hayar da ake kira torotoro suna dariya. Kafin rana ta ɗaga, tukunya ta ƙare ƙarƙaf.

Yayata ta haihu, jikan Mma na farko, sai na ce ranar suna sai hannun kakar jariri ya fi na kowa. Mu baƙaƙe ne wuluk, jan lalle bai cika fitowa a bayan hannunmu ba. Shi ya sa 'yan matan zango muka koyi kwaɓa lalle da baƙin rinin gashi. Na ga ana yi, ban tambayi kowa ba, kuma don neman suna na zuba nawa ya fi ƙima. Na zana mata furanni daga yatsu har wuyan hannu, da ganyaye da ɗigo-ɗigo. Ranar suna mata suka yi ta kama hannunta suna jujjuyawa. Kai, na sha yabo!

Kwana uku sai ƙaiƙayi. Ni ban ga wani ja ba, don haka na ce ba komai. Ashe a fata irin tamu kumburi ba ja yake yi ba. Wurin ya ƙara duhu, ya yi ƙyalli, in ka taɓa da zafi. Sai ƙuraje masu ruwa suka fito, kuma abin tsoron, ba su kauce wa zanena ba ko da tsinin allura. Da suka bushe suka ɓare, abin da ke ƙasa ya fito fari-fari. Kowace fure na nan, kowane ganye na nan, sai dai yanzu haske ne a kan baƙi.

Mma ta koma bakin titi. Mutum zai miƙo kwano, idonsa ya faɗa kan hannunta, sai ya tuna ai yau azumi yake. Wata ta rufe baki ta ce kuturta, maganar ta zagaye har unguwar Mamobi. Mma ta sa safar hannu, abin ya ƙara lalacewa, aka ce in ba cuta ba me take ɓoyewa. Tukunya ta riƙa dawowa gida da rabi. Wata rana na tarar da ita tana kallon shinkafar da ta rage, ta ce, “Shekara nawa ina ciyar da su da wannan hannu?” Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ja ta asibiti. Wata dattijuwar nas ta ce ta rufe ido, ta riƙa shafa auduga a kan fararen wuraren. Duk inda ta taɓa, Mma ta ce ta ji.

“Hajiya, tabon kuturta ba ya jin auduga,” in ji nas ɗin. “Kuma ban taɓa ganin kuturtar da ta iya zanen fure ba.”

Ta yi mana bayani. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin fata, aikinsu kawai yin launi, dare da rana. In kumburi ya ratsa wuri sai su rikice. Wasu su zuba launi ya wuce misali, shi ne baƙin tabon da ƙurji ke bari. Wasu su tsaya cik na ɗan lokaci, shi ne wannan. “Ba mutuwa suka yi ba, tsorata suka yi. Ki ba su watanni, ki kare wurin daga rana.”

Subhanallahi! Ni da nake tsammanin baƙina abu ne da aka shafa min sau ɗaya tun a ciki. Ashe kullum yin sa ake yi, ina barci ana yi, ina gulma ana yi.

Sai nas ɗin ta haɗe rai. “Wa ya yi miki wannan ɗanyen aiki?”

Na buɗe baki. Mma ta taka min ƙafa. “Wata baƙuwa ce, ta koma garinsu.”

Washegari ta jefar da safar. Ta shimfiɗa hannu biyu a kan tebur, ta ƙwala wa wani tsohon direba kira. “Kai, zo nan! Buɗe ido ka duba. Lalle ne ya ƙone ni.” Ya sunkuya ya duba, ya bi furen da ido, ya ce, “Ei, Hajiya, wannan ai ado ne.” Ya miƙo kwano. Ba duka suka dawo ba, amma tukunya ta fara sauƙi.

Ni kuwa kowace safiya sai na kama hannun na duba. Wata na huɗu na ga wasu ɗigo masu ruwan ƙasa a tsakiyar farin, daidai gindin kowane gashi, ƙanana kamar an watsa gero. Suka yi ta faɗi suna haɗuwa. Wani wurin ya zarce ya fi na da duhu, daga baya ya sauko ya daidaita da maƙwabcinsa. Wa ya gaya musu inda za su tsaya? Babu mai awo, babu mai kwaɓi, amma launin ya fito daidai da na Mma, ba nawa ba, ba na kowa ba.

Ganye ɗaya ne ya ƙi komawa, a wuyan hannun dama. Bayan shekara biyu na riƙe wurin na ce, “Mma, zan faɗa wa mutane ni ce. Ki yafe min.”

Ta fizge hannunta. “Ke, rufe min baki. Sauran duk Allah ya goge.” Ta ɗora babban yatsa a kan ɗan ganyen. “Wannan ni na roƙa ya bar min. 'Yata ce ta zana.”