Kujerar Da Na Ɗora Wa Babur Ɗin Baba

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, ɗan fari a gidanmu, ina zaman kanti a Kano wurin wani mai sayar da kayan gini. Duk Juma'ar da na koma ƙauyenmu a yankin Makoɗa sai in riƙa kallon komai na gida kamar abin da ke jiran gyarana. Dogo ne ni, tsayin dangin Inna na ɗauko, Baba kuwa gajere ne ƙaƙƙarfa. Wannan bambancin da kowa ke gani, ni ban taɓa kawo shi a raina ba sai da ya zama abin da zan mutu ina kuka a kansa.

Baba yana da wani tsohon babur da ya girme ni. Da shi yake zagaya kasuwannin ƙauye bayan an gama aikin gona, yana sayar da gishiri da kanwa, ya dawo da ɗan hatsi a baya. Shekarun wahala ne, taki ya gagari talaka, fetur sai an kwana biyu ana nema, abin da gona ta bayar ba ya kai mu wata damina. Babur ɗin nan shi ne cefanen gidanmu. Kujerarsa ta lotse har ƙarfe ya fito, Baba ya naɗe ta da tsumma da robar tayar keke, in ya sauka sai ka ga ya dafe baya ya daɗe bai miƙe ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na ƙudurta sai na mayar masa da babur ɗin abin hawa na jin daɗi, kuma ban shawarce shi ba, don a gidanmu Baba ba ya doguwar magana da ni. Kunyar ɗan fari yake yi, ko sunana bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce wancan yaron. Inna ma haka, har ta fi shi. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin Goggo, ƙanwarsa da ke zaune a gidan, yake bi.

Ta bakin Goggo na karɓi babur ɗin, na ce zan kai shi a duba. Kayan irinsa sun daina shigowa tun tuni. Na yi sati uku ina bin rumfunan tsofaffin kaya a Ƙofar Ruwa, ana tura ni daga wannan zuwa wancan, wasu har dariya suke yi mini wai in kai shi gidan tarihi. Daga ƙarshe na samu shokazoba biyu, ƙarafan nan masu rage jijjiga, na wani babur da ya fi shi girma, mai walda ya yanka ya ƙara ƙarfe har suka zauna. Na sa aka ƙera sabon gindin kujera, na sayi soso mai kauri na ninka shi biyu, na kai wa wani dattijon baduku ya lulluɓe da jar fata. Wallahi mutumin nan ya tambaye ni tsayin mai babur ɗin, ya ce sosan ya yi yawa. Ni kuwa na haye na zauna, ƙafafuna biyu suka taka ƙasa daram, na ce masa ya yi aikinsa kawai. Tsohuwar kujerar na miƙa wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, ko waiwaye ban yi ba.

Ranar da na shigo da shi gari, maƙwabta suka fito kallo, ana shafa fatar ana sa mini albarka. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya dafa kujerar. Da yamma Goggo ta ce mini Baba ya ce Allah ya yi wa wancan yaron albarka, ya ji ƙansa yadda ya ji ƙan tsufansa. Kaina ya ƙara girma. Sati biyu bayan haka ta ja ni gefe ta ce Baba yana tambaya ko tsohuwar kujerar tana nan. Na yi dariya, na ce tsofaffi dai ba sa son rabuwa da wahala, ta gaya masa kujerar ta tafi. Na kuma lura ya koma ajiye babur ɗin a gindin wani kututture a ƙofar gida, yana taka shi kafin ya hau. Na gani da idona, Edita, amma na ɗauka ciwon bayan ne.

Wata Laraba da hantsi yana dawowa daga kasuwa da buhun gero a baya, shanu suka tare masa burtali a daidai inda yashi ya yi yawa. Ya taka birki, ya miƙa ƙafa ya tokare, ƙafar ba ta kai ƙasa ba. Babur da buhu suka kwanta a kansa, ƙugunsa ya karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, asibiti ma mun je, amma ƙashin tsoho bai kama yadda ake so ba. Mutumin da ba ya wuni a gida ya koma zaman tabarma a zaure, yana jin ƙarar babura suna wucewa kasuwa. Ni har lokacin laifin shanun nake gani, ina ta zagin makiyayin a raina. Damina biyu Baba ya yi a haka, bai taɓa ce mini uffan ba, in na gaishe shi ya amsa yana kallon wani wajen kamar kullum. A ta ukun Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai ana fitar da kayansa, Goggo ta miƙo mini wasu takalman taya masu nauyi kamar dutsen niƙa. Na juya su, sai na ga an ɗora wa kowanne tafi uku, ɗaya kan ɗaya, an buga da ƙusoshi. Ta ce tun satin farko Baba ya gane ƙafarsa ba ta kai ƙasa, shi ne ya kai takalmansa aka yi ta ƙara musu tafi. Ta ce ta roƙe shi ya bar ta ta faɗa mini kai tsaye a rage kujerar, ya hana, ya ce wannan ne abu na farko da wancan yaron ya yi masa da guminsa, ba zai sa ya ji kunya a gaban mutanen gari ba. Ranar da ya faɗi, ta ce, igiyar takalmi ɗaya ta tsinke da safe, sai ya fita da silifas. Na zauna a ƙasa a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Yau shekaru sun ja, na yi furfura, amma zuciyata ba ta warke ba. Na so mahaifina, so na gaskiya, sai dai da jikina na auna jin daɗinsa, ban tsaya na dubi nasa ba. Ina roƙon masu karatu, musamman 'ya'yan fari irina, in za ku gyara wa iyayenku wani abu, ku tambaye su tukuna, in ba za su iya faɗa muku ba ku zuba ido ku ga yadda suke amfani da shi. Tsoho mai kunya zai sa maka albarka alhali yana cutuwa, kuma albarkar tasa ta gaskiya ce. Babur ɗin yana nan a zaure, ban sayar ba, ban kuma ƙara hawa ba. Takalman suna cikin akwatina. Na taɓa auna kaurin tafinsu da na sosan da na ninka, sai na tarar har da su ma da sauran yatsa biyu kafin ƙafar Baba ta kai ƙasa.