Shafin da Ta Rubuta da Kanta

Ina cikin shafa gam a bayan wani kundin ɗalibi, wajen ƙarfe tara na safiyar Alhamis, sai ga babbar 'yar abokiyar aikina tsaye a ƙofar shago, ko sallama babu. Ta ce, "Inna, Mama ta rasu." Wai da sassafe ta ce kanta yana sarawa, ta koma ta kwanta, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na ajiye buroshin a kan takardun mutane, ban sake tunawa da shi ba sai da ya bushe a wurin.

Shekara goma sha tara muna shago ɗaya a bakin ƙofar kwaleji. Ita ke buga wa ɗalibai kundin bincikensu a kwamfuta, ni kuma in haɗa takardun in yi musu bango. Ɗalibai suna ce mata Antin Kwamfuta. Ni Yatsu nake kiranta, ita ta ce mini Mai Gam. A sakandare karatunta ya tsaya, da mahaifinsu ya rasu, sai ta koyi bugu don ta riƙe ƙannenta. Tana bugawa ba ta kallon madannai, idonta a kan rubutun ɗalibi mai kama da tonon kaji, bakinta kuma yana ba ni labarin maƙwabtanta.

Wata rana ta nuna wa wani ɗalibi cewa lissafin da ke shafi na arba'in ya saɓa da na shafi na sittin. Ya ce, "Anti, bugawa kawai aka ce ki yi." Ta buga masa shi yadda yake. Bayan wata biyu ta cike takardar shiga karatun yamma, tana da shekara arba'in da huɗu.

Darasin farko da aka ɗora musu shi ne rubutu da dabarun bincike. Malamin siriri ne, ba ya ɗaga murya, ɗalibai sun sa masa suna Jan Biro. Aikin farko shafi ɗaya ne tak: wace tambaya kake so ka bincika, kuma don me. Yatsu ta yi dariya. Cikin minti ashirin ta buga nata, tsakanin wani mai ciniki da wani.

Ran Alhamis ya kira ta ofis. A kan teburinsa ga shafinta, ga wani tsohon kundi mai shuɗin bango, ta gane aikin hannuna ne. Ya buɗe kundin ya karanta layi ɗaya, ya karanta nata. Ya sake karanta wani. Layi goma sha ɗaya, ko waƙafi bai bambanta ba. Kundin wata ɗalibarsa ne, ta gama shekara huɗu da suka wuce, kuma Yatsu ce ta buga mata.

Ta ce, "Malam, wallahi ban buɗe littafin kowa ba."

Ya ce, "Ni na yarda, Malama. Kwamitin ladabtarwa ne ba zai yarda ba. Satar rubutu kora ce, ko da gangan ko ba da gangan ba." Ya rufe kundin. "Litinin kafin sha biyu ki kawo mini shafi ɗaya da rubutun hannu. In na tsinci layi guda na wani a ciki, takardar nan za ta wuce gaba."

Ta dawo shago ta zauna, jakarta a kan cinya.

Juma'a da Asabar ta yi su a kan takarda. Sai ta rubuta jimla, ta tsura mata ido, ta ce, "Wannan ta yaron nan ce mai nazarin taki." Ta soke. Ta rubuta wata. "Wannan ta ma'aikaciyar jinyar nan ce mai tabarau." Ta yaga. Kwandon shara ya cika ya zube. Abincin da na sayo mata ya huce a kan injin kwafin takardu. Wani ɗalibi ya tambaye ta ko aikinsa ya fito, ta balbale shi da faɗa har na ba shi haƙuri a waje.

Lahadi ba ma buɗewa, amma da hantsi muka zo muka kulle kanmu a ciki. Ta ce, "Mai Gam, na duba kaina kaf, babu ni a ciki. Shekara goma sha tara ina ɗura maganar mutane. Gobe 'ya'yana za su ji an kori uwarsu don sata."

Na ce, "Ke da bakinki ba ya hutawa? Ba ni biron nan. Gaya mini abin da ya fi ƙona miki rai a aikin nan."

"Wasa kike so."

"Na ce ki gaya mini."

Yatsunta suka fara taɓa tebur kamar suna neman madannai, sai ta danne su a ƙarƙashin cinyoyinta. Can ta ce abin da ke ba ta haushi shi ne takardun tambayoyi. Ɗalibi zai ce ya zagaya ya tambayi mutum ɗari, alhali a kan bencinmu ya cike su duka, da biro kala uku, yana karkata rubutu don kada a gane. Ta ce ta daɗe tana so ta san dalili: lalaci ne, ko kunyar tare baƙo da tambaya, ko kuwa ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi? Ni da na tsaya a aji shida na firamare ina ta kokawa da biro, ina cewa ta yi a hankali. Da ta gama, ta karɓi takardar ta mayar da ita Turanci da kanta, kalma bayan kalma, da ƙamus ɗin 'yarta. Aka yi la'asar ba ta gama ba.

Litinin sha ɗaya da rabi ta miƙa. Ya bar ta a tsaye ya karanta sau biyu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya ce ta dawo Laraba. Kwana biyun nan ko labarin maƙwabta ban ji ba. Duk wanda ya shigo da takarda mai hatimin kwaleji sai ta miƙe tsaye.

Laraba da yamma ina share gaban shago na hango ta tana tafe a hankali, takarda a hannu. Tun daga nesa na ga jan biro ya cika ta.

Na ce, "Yatsu, ya tura ki kwamitin?"

Ta shimfiɗa takardar a kan benci. "Ƙirga."

"Me zan ƙirga?"

"Kuskure ashirin da uku. Ya ce bai ga Turanci mai rauni irin wannan ba bana. Ya ce kuma kowane ɗaya nawa ne, in gyara in ci gaba." Sai ta fashe da dariya, tana share ido da gefen mayafi.

Na ce, "Yau na ga mai murna da jan biro. Tashi ki tafi gida, idonki ya yi ja."

Ta rataya jaka. "Shafi biyar yake so mako mai zuwa. Gobe ki zo da biro mai kyau, wancan tsalle yake."

Na ce, "Rubutuna ne mai tsalle, ba biron ba."

Ta ce, "To ki zo da shi haka nan. Sai goben."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ta ce, "Amin, Mai Gam."