Wanda Ya Tsare Shanunsa

Duk sanda na ji an kira yayan mijina mai dattaku, sai in ji kamar in tofar da yawu. Ya dai iya gaisuwa. In ya gamu da tsohuwa a hanyar Rogo, sai ya sauka daga babur ya durƙusa, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikoki, har awaki. A mota shi ne mai bar wa mace gidan gaba. Wai dattaku ke nan.

Mijina ya rasu da farkon damina, gonarmu ba ta ga shuka ba. Ina fita takaba aka cire gyaɗa. A wajenmu, Kafin Dafga, in mai gona ya kwashe amfaninsa yakan bar gonar kwana uku mata su yi roro, su tono 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a ƙasa. Ba a roƙo. Kowa ya san rabon waɗanda ba su da mai yi musu noma ne. Da roron nan nake sa ran yin ƙuli-ƙuli in ciyar da yara huɗu.

Da hantsi na isa gonar yayan mijina da fartanya da ƙwarya, na tarar ya riga ya kira wani tsohon makiyayi ya sa shanu su bar masa taki. Ya gan ni sarai.

"Sannu, uwar marayu. Ya ƙarin haƙuri? Ai da kin yi magana."

Da na yi magana! Shi da ya wanke gawar ƙanensa da hannunsa.

Makiyayin ya dubi ƙwaryata, ya kaɗa shanunsa bakin gona, ya gitta sanda. Yayan mijina ya ce masa rana na yi.

"Shanu sun iya jira, Malam," in ji tsohon.

Haka ya tsaya har la'asar, ya ba ni baya don kada in ji kunya. Ko sunansa ban sani ba. A wurinsa na koyi ma'anar dattaku, kuma har yau ban yafe wa ɗayan ba.

Bana babban ɗana ya cire gyaɗarsa ta farko. Baffan nasa ya zo da doguwar gaisuwarsa, ya ba shi shawara ya sa shanu da wuri. Na amsa daga ɗaki.

"Kwana uku gonar nan za ta yi a buɗe, Yaya. Ba sai kowa ya yi magana ba."