Tururuwar da Kaka ta ƙara a tatsuniyar maharbi

Gidanmu na unguwar Morris Heights ba shi da murhun jin ɗumi, sai Kaka ta naɗa hitar falo a madadinsa. Wani tsohon ƙarfe ne mai haƙarƙari a gindin taga, wanda sai ya gama ƙwanƙwasa da tsaki kafin ya yarda ya yi zafi. Da hunturu isha'i ba ta wuce shida da rabi, don haka da an sallame sai ta ja kujerarta kusa da shi, ta shanya safarta a kai, ni da ƙanwata Hindatu mu zube a kan kafet. Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, “Ga ta nan tafe, ta sauko daga jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ƙafarta duk ƙanƙara.” Mu kuma mu ce, “Ta tuɓe takalmi ta shigo mu ji ta.”

Shekarata goma a lokacin. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara, sauran mutanen gidan kuma Ummi. Ba ni da magana. A makaranta sai malama ta kira sunana sau biyu kafin ta ji muryata. Amma ido gare ni. Na san matakala ta nawa ce ta tsage a benenmu, na san wace ƙafar kujera ce gajera, kuma ina da wani gwangwanin alewa da nake tara maɓallai da duwatsun ado da duk wani ƙaramin abu da na tsinta.

Kawu Awudu ƙanen Mma ne, wato mahaifiyarmu, kuma autan Kaka. Gemu har ƙirji, amma Auta take kiransa. Gadi yake yi a wani kamfani mai motocin kai kuɗi bankuna, aikin da sai da ya shekara yana cike takardu kafin aka ba shi lasisin riƙe ƙaramar bindiga. A kan wannan aikin takardun ɗauko matarsa daga Kumasi suka dogara, ita da jaririn da bai taɓa gani ba sai a waya. Bindigar tana kwana a akwatin ƙarfe, harsasai a wani akwatin dabam, makullin na biyun kuwa a ƙulle yake a bakin gyalen Kaka har gari ya waye. Sharaɗinta ke nan tun ranar farko, ba wanda ya yi gardama.

Matsalar Kawu ɗaya ce: ba ya iya barin abu yadda aka ƙera shi. Ya kwance rimot, ya kwance fanka. Ya taɓa gyara agogon bango mai kiran salla, tun daga ranar agogon yake kiran asuba da la'asar sakaliya. Duk abin da ya gani a bidiyo a wayarsa, ya zama gwaninsa kafin bidiyon ya ƙare. Kaka kuwa 'yar maƙeri ce. Mahaifinta a Zangon Kumasi yake ƙera fartanya da tarko, yana gyara wa maharba bindigogin toka, tana yarinya tana ja masa zuga-zugi. Ba abin da yake ƙona mata rai kamar ta ga mutum ya riƙe kayan aiki bai san nauyinsu ba.

Wata Alhamis da yamma ya shigo da 'yar ambulan. Wai kunamar bindigar ta cika tauri, wai ya sayi sifirin mai laushi ta intanet, wato 'yar naɗaɗɗiyar wayar da take riƙe kunamar, zai musanya. Ya nuna wa Kaka babu kome a cikin bindigar, ya kora mu ɗaki, sannan ya ɗauki farantin da take tsince wake a kai ya baje kayansa a teburin kicin.

“Auta, farantina ne fa.”

“Minti biyar ne, Hajiya. Na kalli yadda ake yi sau uku.”

“Ubana ya shekara bakwai yana kallo kafin a bar shi ya taɓa. Amma shi ba shi da waya, Allah sarki.”

Ni ban tafi ɗaki ba. Na laɓe a bayan labulen ƙofar kicin ina leƙe. Na ga lokacin da ya danna wani abu da tsinke, na ji ɗan ƙara, ƙyas, tsohon sifirin ɗin ya yi tsalle ya ɓace. Bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Kawu ya ɗan dudduba ƙasa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai dama ya gama amfaninsa. Sai da na zo cire rigar sanyi na gan shi maƙale a saƙar hannun rigar. Na san in na mayar, za a tambaye ni inda nake tsaye har ya same ni. Na jefa shi a gwangwanina, na ce sai gobe.

Gobe ta zo da nata labarin. Kawu ya dawo daga aiki kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ranar Litinin da la'asar mai duba makaman kamfanin zai buɗe bindigar kowa, kuma duk wanda aka samu ya canja ko da ƙusa ɗaya, a bakin aikinsa. Ya buga wa shagon da ya sayi bindigar, suka ce sifirin irin na asalin sai an kwana goma kafin ya iso.

Abin da aka yi a gidan nan daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, har yau in na tuna sai kaina ya sara. An ja firij, an ja kabad. An farke jakar injin shara a bahon wanka. Kawu ya ɗaure maganaɗisu a zare yana jan sa lungu-lungu kamar mai yawo da akuya, ya kamo allurai da fil ɗin gyale da wani makullin da ba wanda ya san ƙofarsa. Ranar Asabar ya tuna buhun shinkafa a buɗe yake a daren da abin ya faru, sai ya shimfiɗa zanen gado a falo ya juye shi kaf, ya sa ni da Hindatu muna tonawa da yatsa. A haka Mma ta same mu, ta dawo daga jinyar wata tsohuwa a Manhattan, tun asuba tana tsaye.

“Awudu, biki ake yi ban sani ba?”

“Yaya, ki yi haƙuri, wani ɗan abu ne...”

“Kullum ɗan abu ne. Ɗan abu ya cinye agogo, ɗan abu ya cinye fanka, yanzu ɗan abu zai cinye maka mata da ɗa. Ɗaga mini ƙafa daga kan abincin yara.”

Ina durƙushe ina tona shinkafa, na san sarai ba ya ciki. Kowace awa da ta wuce, maganar tana ƙara nauyi a bakina. Ranar Alhamis laifina leƙe ne kawai. Ranar Asabar ya zama leƙe da firij da buhun shinkafa. Kuma in faɗi gaskiya, akwai wani gefen zuciyata da yake cewa in aikin ya tafi, akwatin ƙarfen nan ma zai bar gidanmu. Sai kuma in jiyo Kawu a bayan ƙofa yana ce wa matarsa a waya komai lafiya lau, da wata murya da ba tasa ba.

Ranar Lahadi bayan isha'i Kaka ta ja kujerarta. Kawu yana rub da ciki yana haska ƙarƙashin hita da tocilan.

“Auta, tashi ka zauna kamar ɗan mutane. Tatsuniyar yau har da kai.”

“Hajiya, ni da nake cikin wannan...”

“Zauna.”

Ta sauko da ita daga jirgi, muka ce ta tuɓe takalmi. Ta maharbi da maƙeri ce, mun sha jin ta. Wani maharbi ya kai wa maƙeri bindigarsa, ya ce kunamar ta cika tauri, kafin ya ja barewa ta tsallake rafi. Maƙeri ya ce, “Taurin nan ba kuskure ba ne. Daidai tsawon bisimilla na sa shi, don ka sake duban abin da ke gabanka, barewa ce ko ɗan maƙwabci.” Maharbi ya ce shi ba wa'azi ya zo ji ba. Ya koma gida ya ari magagari, kullum da yamma ya ɗan goga. Rana ta farko yana taɓa ta ta tashi, ya ji daɗi. Ta biyu ya yi atishawa, ta fasa randar matarsa. Ta uku zakara ya yi cara, ta sauke jinkar ɗaki. Ta huɗu ƙuda ya sauka a kanta, ta ɗauke wa maharbi hula da rabin kunne. A nan Hindatu takan yi dariya har ta kwanta. Maharbi ya koma wurin maƙeri da tsumma a kunne, maƙeri ya ce, “Kawo mini garin ƙarfen da ka goge in mayar maka.” Ina zai samo shi? Iska ta kwashe. A nan tatsuniyar take tsayawa kullum.

Ranar ba ta tsaya a nan ba.

“Ashe,” in ji Kaka, tana juya safarta a kan hita, “akwai wata 'yar tururuwa a ƙarƙashin tabarma. Duk garin da ya zuba, ita take kwashewa ta kai raminta. Ba sata take yi ba, halinta ne tara ƙananan abubuwa. Tana jin maharbi yana kuka, tana so ta fito, amma tana tsoron a ce mata me ya kai ki ƙarƙashin tabarma.”

Hindatu ta ce, “Kaka, ai da babu tururuwa.”

“Yau akwai.”

“To sai ta yi yaya?”

“Oho. Nan ilmina ya tsaya. Sai a tambayi tururuwa.”

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Hita ta ja tsaki. Kawu, wanda bai gane kome ba sai cewa da shi ake, yana ta murza gemu. Haushin kowa ya kama ni: na Kawu da bidiyonsa, na Kaka da ta jefa ni cikin tatsuniya ba ta tambaye ni ba, nawa kuma ya fi duka. Na tashi na shiga ɗaki, na dawo da gwangwanin, na zazzage shi a kan farantin wake. Ga shi nan tsakanin wani jan maɓalli da murfin biro.

Kawu ya yi salati da ƙarfi. “Ummi! Kwana uku! Shinkafa buhu guda!” Ya kai hannu, Kaka ta riga shi, ta dafe abin da tafinta.

“Kar ka ɗaga mata murya. Ita ta ajiye abin da ka ce ya gama amfani. Gobe da sassafe ka kai bindigar shagon da ka saye ta, mai sana'ar ya mayar da hannunsa. Mai laushin kuma ka kawo mini nan. In na sake ganin ƙarfen nan a kan farantina, ni da kaina zan buga wa matarka in gaya mata irin mijin da take jira.”

“Hajiya, ai zan iya mayarwa da kaina, minti...”

“Biyar. Na sani.” Ta ƙulle sifirin ɗin a bakin gyalenta kusa da makulli, sannan ta rufe tatsuniya yadda ta saba. “Ta sa takalminta ta koma jirgi. Wanda ta taka wa ƙafa ya sosa.”

Litinin ta wuce lafiya. Matar Kawu ta iso da yaron bayan bazara biyu. Bai sake kwance bindiga a gida ba, ko da yake a cikin watan nan ya kashe mana tukunyar dafa shinkafa ta lantarki.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar ta Kawu ce shi kaɗai, kuma lalle da shi ake: akwai taurin da aka sa don ya tsare ka, in ka goge shi ka goge hankalinka. Sai da na girma na fara aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti, inda idona yake kama ƙananan kurakurai kafin na kowa, sannan na gane rabona a ciki bai gaza nasa ba. Maƙerin Kaka tsawon bisimilla ya ce. Ni kuwa nauyin bakina yakan wuce bisimilla ya kai tsawon huɗuba, kuma a wurin aikina wanda ya gani ya yi shiru, da shi aka yi ɓarnar. Yanzu in na ga rubutun jikin kwalba bai dace da na takarda ba, bisimilla ɗaya nake yi in buɗe baki.

Shekarar da Kaka ta fara kasa hawa bene, na tambaye ta yadda aka yi ta sani, ni da nake ganin babu mai idona a gidan.

“Tun yammacin Juma'a na sani,” ta ce. “Kowa ya duƙa yana duban ƙasa. Ke kaɗai kike duƙe kina kallon ƙofar ɗakinku.”

“Kaka! Tun Juma'a? Kika bari aka juye buhun shinkafa?”

“Ke kina bukatar lokaci, takwara. Auta kuma yana bukatar kwana biyu a durƙushe. Me ya yi zafi da zan yi gaggawa?”

Ta miƙo mini safarta in ɗora mata a kan hita. Na ɗora, amma har yau ban gama hucewa ba.