Notin da Malam Yakubu ya rataya mini a mota

Shekara takwas ke nan da rasuwar abokina Malam Yakubu, wani Kirista mutumin Zuru da ya koyar da kimiyya a wata sakandare a Aliero. Ni kuwa direba ne, albasa nake ɗauka. Abin da ya bar mini bai wuce notin ƙarfe guda ɗaure da zare ba.

Ranar da ya rataya shi a madubin motata, daga Maiyama muka fito, ya gaji da yadda nake fizgar mota. Ya ce, "Sani, dubi nan. In ka taka totur zai yi baya, in ka taka burki zai yi gaba." Na ce in ina sheƙa gudu fa? Ya ce muddin gudun bai ƙaru ba bai ragu ba, tsaye zai yi ƙyam. Na ce lallai boko ya taɓa shi. Muka gwada, sai ga shi haka ne. Ya ce nauyi ke jan notin ƙasa, zare na riƙe da shi, shi kuma ɗan taurin kai ne, yadda ya samu kansa haka yake son zama. Sai zaren ya karkace ya ja shi dole yake bin mota.

Direbobin tasha dai laya suka ɗauke shi. Aka yi ta tsegumi wai na karɓi asiri a hannun Kirista. Wani ma ya sa baduku ya rufe masa nasa notin da fata, ya ɗaure tamau don kada ya yi lilo. Malam ya yi dariya har da hawaye. Bayan rasuwarsa tsegumin ya ishe ni, sau biyu ina kai hannu in tsinke zaren, kunyar mamaci ta hana ni.

Bara, ranar kasuwar Jega, na taso da lodi har sama. Tun daga nesa na taɓa burki yadda na saba. Ƙafata ba ta ji wani bambanci ba, amma noti da ƙyar ya motsa. Na ƙara takawa, ya ɗan leƙa gaba ya dawo. Nan na gane burki ba ya kamawa. Can gaba titi maƙil yake da masu babur da mata da awaki. Na shiga sauke giya ina salati. Duk wadda na sauke sai in ga noti ya yi gaba, in ji ɗan sanyi. Na gangara cikin yashi, mota ta tsaya daf da masu sayar da rake. Bakanike ya ce tiyon burki ne ya tsage. Wallahi har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya.

Da Malam na nan, mi zai ce? Na san shi sarai. Zai ce, "Allah ya tsare, amma ka riƙa duba man burki." Sannan ya tambaya ko masu layar sun kwance nasu.

Na kai wa matarsa buhun albasa, na ba ta labari, na nuna mata notin. Ta juya shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"Sani, ashe nan yake! Notin keken ɗinkina ne. Sati guda na yi ina yi wa Malam faɗa a kan ɓatansa, bai taɓa cewa shi ya ɗauka ba."

Na ce to ga kayanta. Ta share ido, ta miƙo mini.

"Mayar da shi inda ya sa shi. Sai dai ka sake zare, wannan ya tsufa."