Burdon da Baba ya aike ni nema

Mun tashi daga Potiskum da asuba, ni da wasu fatake biyu da jakunansu, muka nufi kudu. Baba ne ya sa ni wannan tafiya. Wata biyu yana kwance, ya ƙi tuwo ya ƙi kunu, sai ran nan ya ce yana marmarin burdo, kifin nan mai ɓawo da kaurin leɓe, na gurbin ƙauyensu a bakin Gongola.

Hanya ba daɗi. Mun wuce mutanen da En'e ta tara suna zuba marmara, wai Bature zai biyo da mota. Jakin da aka ara mini kuwa duk inuwar da ya gani sai ya tsaya gaishe ta. A Fika muka sha fura mai tsami ta anini biyu, har yau haƙorana na tunawa.

Kwana uku muka isa. Na tarar gurbin a rufe, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Ɗana, na san ubanka, tare muka koyi iyo. Amma ko don uwata ba zan buɗe ba, saura kwana huɗu." Wata tsohuwa ta miƙo mini busasshen burdo na wani kogi, ta ce in kai masa haka. Na ƙi, don ni akwai taurin kai. Na gurbin aka ce, na gurbin zan kai.

Ranar da aka buɗe su, gari duk ya faɗa ruwa da homa da gora. Kifin farko da ya fito Sarkin Ruwa ya ba ni, aka kyafe shi a wunin, na kamo hanya ba hutu.

Da na shigo unguwarmu sai na hangi tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. An yi jana'iza tun jiya. Inna ta dubi ƙunshin da ke hannuna ta ce, "Tun da ka fita bai ƙara ambaton kifi ba. Kullum sai ya ce, yaron nan bai dawo ba?"

Maƙwabta ne suka ci burdon, ni na kasa. Tafiyar nan ta koya mini cewa mara lafiya in ya aike ka, ka yi sauri ka koma ko hannu banza. Ban yafe wa kaina kwana huɗun nan ba.